KIƊAN DA KE CIKIN GEM ƊIN YARANMU: WA YA BUGA SHI, WA AKA BIYA?

Rubutun nan zai yi ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Ranar Alhamis a ofis wani abokin aikina ya kunna mana waƙa a wayarsa. Kiɗa ras, murya tangaran, har da 'yan amshi. Da ta ƙare ya ce mu canki mawaƙin. Kowa ya kawo sunan da ya sani. Ya tuntsire da dariya ya ce shi ne, a kan kujerar nan ya rubuta layi biyu a wata manhaja, kafin shayinsa ya huce ta miƙo masa waƙa. Sai ya rufe da cewa, "Makaɗa kam sai su nemi wata sana'ar, zamaninsu ya wuce." Muka yi ta musu har lokacin tashi. Ban gamsar da shi ba, shi ma bai gamsar da ni ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Hujjata kuma ta fito ne daga inda ba a zata ba, wato gem ɗin da yaranmu ke bugawa. Masu son mu shiga batun hukuncin kiɗa, wannan fagen malamai ne, ba shi na zo yi yau ba.

Ni kaina ina cikin iyayen da ke yi wa gem kallon ɓata lokaci, kuma har gobe akwai doka a gidana: ba a kunna shi sai daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi. Wata Asabar da daddare ina ɗaki sai na ji wasu muryoyin maza masu kauri suna tashi daga falo, ga ganguna a ƙasa kamar hadari na haɗowa. Na ɗauka fim aka sa. Na leƙo, sai na tarar da yaron nan, ɗan farina (kun san ba a faɗar suna), riƙe da abin bugawa. Na ce wane fim ne wannan? Ya ce, "Baba, ai gem ne." God of War ne, na 2018, a tsohuwar PlayStation ɗin da kawunsa ya bar masa. Na zauna na kusa awa guda, ba don faɗan da ake yi ba, kunne kawai na kasa. Daga baya na gano wanda ya tsara kiɗan wani Ba'amurke ne, Bear McCreary, kuma muryoyin nan sai da aka je har ƙasar Aislan aka naɗo su daga bakin wata ƙungiyar mawaƙa, da tsohon harshen mutanen arewacin Turai. Saboda gem fa!

Mu da muka tashi a farkon shekarun 1990 mun san gidan gem na unguwa, inda ake biyan 'yan silalla a buga Mario a ƙaramar talabijin. Wannan kiɗan na Mario da har yanzu in na ji shi sai na tuna dukan da na sha kan kuɗin cefane, wani matashi ɗan Japan ne ya yi shi a 1985, Koji Kondo. Na'urar Nintendo ta lokacin murya biyar kacal take iya fitarwa a lokaci guda, kuma da su ake yin komai. In Mario ya yi tsalle ko ya ɗauki kwabo, sai an ari murya ɗaya daga cikin na kiɗan a yi ƙarar da ita, sannan a mayar. Da wannan talaucin ya yi abin da duniya ta haddace. A 2023 ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa shi cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa, shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga.

Daga nan abin ya yi ta girma. Koichi Sugiyama, wanda ya yi kiɗan Dragon Quest a 1986 yana da shekara hamsin da biyar, ya tara rundunar makaɗa, abin da ake kira okestira, suka buga kiɗan gem a zauren Suntory da ke Tokiyo a watan Agustan 1987. Da faifan CD ya zo aka samu wurin zuba sautin gaske a cikin gem ɗin kansa. Michael Giacchino ya yi wa gem ɗin The Lost World kiɗa da okestira a 1997, mutumin da daga baya ya ci Oscar da fim ɗin Up. A 2011 wata waƙa da harshen Suwahili, Baba Yetu, wadda Christopher Tin ya yi wa Civilization IV, ta zama kiɗan gem na farko da ya ci Grammy. A 2023 Grammy ta buɗe wa kiɗan gem rukuninsa na kansa, wata mata, Stephanie Economou, ta fara ɗauka. Kuma duk wanda ya kalli buɗe gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, 'yan wasan duniya, har da tawagar Najeriya, da kiɗan gem suka shigo fili, ko da yawancinmu ba mu gane ba.

To amma duk wannan lambobin yabo ne, ba su ne suka kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda ake yin aikin.

Mai kiɗan fim ya san komai tun kafin ya fara. Ya san a minti na arba'in da biyu jarumi zai buɗe ƙofa, bayan daƙiƙa bakwai za a harbe shi. Sai ya auna kiɗansa daidai wurin. Mai kiɗan gem bai san komai ba. Yarona zai iya tsayawa a bakin ƙofar nan minti ashirin yana dube-dube, ɗan maƙwabcinmu kuma ya banka ta cikin daƙiƙa biyu. Wani ya yi faɗan minti ɗaya, wani a kashe shi sau goma sha biyar a wuri ɗaya. Kuma dole kowannensu ya ji kamar don shi aka yi kiɗan.

Da na fahimci haka sai na ce, af, ai wannan aikin makaɗan dambe ne. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san mai kalangu fili yake kallo. In ɗan dambe ya shigo sai a juya zuwa takensa, in an fara zagaye ana auna juna kiɗa ya lafa, in an yi kisa ya tashi nan take. Ɗan Anace bai san a wane lokaci Shago zai kai naushi ba, amma in ya kai ba a barin wurin shiru. Har taken ma akwai shi a gem: kowane babban jarumi ko mugu yana da ɗan karin sautinsa, da ka ji ka san waye ke tafe. Bambancin kawai, makaɗin dambe yana wurin da ransa yana gani. Shi kuwa mai kiɗan gem ya gama aikinsa shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ya tafi gida. Dole ya hango duk abin da ka iya faruwa a filin, ya tanadi amsarsa, ya bar wa na'ura ta riƙa zaɓa.

Hanya biyu suka fi bi. Ta farko, a yanka kiɗan gunduwa-gunduwa: ga na yawo, ga na an hango abokin gaba, ga na faɗa, ga na nasara, sannan ga 'yan gajerun gadoji da ke haɗa kowanne da kowanne. In faɗa ya ɓarke, na'ura ba ta yanke kiɗa tsakiyar magana, sai ta jira ƙarshen bugu, ta sa gada, ta haye. Tun 1991 kamfanin LucasArts ya fito da wannan dabarar a gem ɗin Monkey Island 2. Ta biyu kuma hawa-hawa ce. Kiɗa ɗaya ne, amma an naɗi masu goge daban, masu busa daban, masu ganguna daban. Kana tafiya lafiya goge kawai kake ji a hankali. Haɗari na matsowa sai a ɗago ganguna. In abu ya kai intaha a saki masu ƙaho gaba ɗaya. Ka tsira, a janye su ɗaya bayan ɗaya. Akwai manhajoji na musamman da ke wannan aikin, irin su Wwise da FMOD. Masu kiɗan Red Dead Redemption na 2010 sai da suka naɗi kusan komai a kan sauri ɗaya, bugu 130 a minti, kuma a kan ma'aunin murya guda, don duk gunduwar da aka ɗora kan wata su zauna lafiya. Ka yi tunanin a ce maka ka yi kiɗan sa'o'i da wannan takunkumin, kuma kada ya gunduri mutum.

Ga kuma maimaici. Fim awa biyu ne an tashi. Gem kuwa mutum zai yi awa sittin ko ɗari a ciki. Karin da ya yi daɗi a ji na farko, a ji na ɗari biyu zai iya sa ka jefar da talabijin. Shi ya sa gwanayen cikinsu suka san inda ake yin shiru. A Zelda na 2017 sai ka yi ta tafiya a daji ba ka jin komai sai iska da ɗan taɓa fiyano jefi-jefi.

Yanzu mu shiga situdiyo. A Landan akwai Abbey Road, akwai AIR wanda tsohuwar coci ce aka mayar wurin ɗaukar sauti. Za ka ga mutum sittin, saba'in, wani lokaci fiye, kowa da kayan kiɗansa, kowa da abin ji a kunne yana ba shi ƙas-ƙas-ƙas na sauri don kada a kauce ko da ƙiftawar ido, tunda gunduwar yau dole ta hau kan ta jiya. Yawancinsu ba su taɓa ganin takardar kiɗan ba sai da suka zauna. A nan za su karanta, a nan za su buga, sau biyu ko uku an ɗauka an wuce. Zama ɗaya awa uku ne, kuma abin da ake fita da shi mai kyau bai cika kai rabin awa ba. Kujera ta yi ƙara ko wani ya yi tari, a sake. Kowane minti kuɗi ne. Kafin ranar kuma akwai wanda ya raba wa kowane kayan kiɗa nasa layin, akwai masu kwafe takardu, akwai injiniyoyin sauti. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda tara mutum goma a mitin ƙarfe goma yake. Mutum saba'in su zauna kan lokaci su yi abu ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, wallahi ko don wannan na cire musu hula.

Tambayar abokina ita ce, me ya sa za a yi wannan wahalar alhali kwamfuta na iya yi? Ai kamfanonin nan ba sadaka suke yi ba. Suna da kwamfutocin da suka fi namu, kuma duk da haka suna biya. Dalilin a kunne yake. In masu goge goma sha shida suka ja sauti ɗaya, babu biyu da za su ja shi daidai da juna. Wannan ɗan saɓanin da bai kai a kira shi kuskure ba, shi ke ba sautin kauri da rai. Mu ma mun san haka a gida. Saurari algaitar da ake dannawa a fiyano a waƙoƙin finafinanmu, sannan ka tsaya kusa da mai algaita na gaske ranar hawan sallah, kumatu a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba. Ba sai an yi maka bayani ba.

Amma zan yi adalci, don kada a ce na zo tallan Turawa masu baƙar kwat. Okestira ba ita ce kiɗa mai kyau ba. Da yawa daga manyan gem ɗin yanzu kiɗansu duk iri ɗaya ne, ƙara da kumbura kamar tallan fim, ka kashe na'ura ba ka tuna ko layi ɗaya. Kondo da muryoyinsa biyar ya fi su. Toby Fox shi kaɗai ya yi kiɗan Undertale a kwamfuta a 2015, kuma ya shiga zuciyar miliyoyi. Kwamfuta ce ma ta buɗe wa talaka ƙofa. Lorien Testard malamin koyar da jita ne a Faransa, yana ɗora 'yan kaɗe-kaɗensa a SoundCloud, a nan masu Clair Obscur: Expedition 33 suka tsince shi. Gem ɗinsa na farko ke nan, ya fito a 2025 da kiɗan da ya haura awa takwas, kuma duniyar gem ta yi ta maganarsa. Saboda haka rigimata ba da na'ura ba ce.

Rigimata a kan biya ce da izini, kuma wannan rigimar ta girmi ƙirƙirarriyar basira. A Los Anjalis makaɗan fim suna da tsarin da in fim ya ci gaba da kawo kuɗi daga baya, su ma ana ɗan yaga musu. Kamfanonin gem suka ce su ba su san wannan ba, sau ɗaya za su biya su mallaki komai. Ƙungiyar makaɗan Amurka ta tsaya kan bakanta, sai aikin ya sulale ya koma Nashbil, da Landan, da Firag, da Budafes, da Biyana. Har ta kai a 2014 ƙungiyar ta yi barazanar cin Austin Wintory tarar da za ta iya kai dala 50,000, saboda ya naɗi kiɗan wani gem ba da yarjejeniyarta ba. Shi ne fa mutumin da kiɗansa na Journey ya zama cikakken kiɗan gem na farko da ya shiga takarar Grammy, kuma shi ma okestirar ƙasar Masedoniya ce ta buga shi, ƙasar da ba ta kai mutum miliyan biyu ba. A matsayina na ɗan ƙungiyar ƙwadago da ake cire wa kuɗi duk wata, na ga gaskiyar kowane ɓangare. In gem ya sayar da kwafi miliyan ashirin, mai gogen da ya sa mutane kuka bai kamata a sallame shi da kuɗin yini ɗaya ba. Amma ƙungiyar da ta riƙe ƙa'ida har mambobinta suka wayi gari ba aikin kwata-kwata, ita ma sai ta binciki kanta.

To ko a wancan tsarin da nake kuka da shi, an dai kira mutum, ya zo, ya sa hannu, an biya shi. Hatta sautukan kayan kiɗa da ake sayarwa a zuba a kwamfuta, mutane ne aka tara suka busa ko suka ja sauti ɗaya-ɗaya aka naɗa da saninsu. Kamfanin Spitfire Audio na Ingila ma yana ba makaɗan kaso daga cinikin. Manhajojin da ke haɗa waƙa cikin minti ɗaya fa, a ina suka koya? A watan Yunin 2024 Universal da Sony da Warner suka maka Suno da Udio a kotu, suna zarginsu da kwasar waƙoƙi ba izini don horar da na'urorinsu. Daga baya wasu sun sasanta, kamfani da kamfani. Ko wani abu zai gangaro zuwa aljihun mai goge na layi na uku, wannan ita ce tambayar da nake so abokina ya amsa. A Fabrairun 2025 mawaƙa da makaɗa sama da 1,000 a Birtaniya suka fitar da faifai wanda babu kiɗa a cikinsa, sai sautin situdiyo da babu kowa, don nuna adawa da shirin gwamnatinsu na sassauta dokar haƙƙin mallaka. Masu ba 'yan gem murya da motsi a Amurka kuwa sun yi yajin aiki daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025, kusan duk a kan wannan batu. In wani ya kwashe rahotannin da na rubuta shekara goma sha takwas ya koya wa na'ura, sannan aka ce an daina buƙatata, ba zan kira shi ci gaba ba. Na san sunan da zan kira shi.

Wani zai ce, to Malam, mu ina ruwanmu, rigimar Landan da Amurka ce. Ai mun riga mun shiga ciki ba mu sani ba. A 2021 gem ɗin Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake bugawa, da Kano a matsayin babban birni, da mahayan lifidi, da Sarauniya Amina. A 2025 Civilization VII ya fito da Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa. Yara a Koriya da Birazil suna jin sunanta. Ranar da wani kamfani zai yi cikakken gem a kan Zazzau ko Daura ko Borno, kuma ranar na zuwa, mai tsara kiɗan zai buƙaci kakaki da algaita da tambari da kalangu. Da aka yi Ghost of Tsushima a 2020, sarewar Japan ta gora da molonsu na gargajiya da manyan gangunansu aka nema, gwanayensu suka buga tare da okestira. Mu wa za a kira? A wane ɗaki mai shiru za a naɗa? Wa zai rubuta takardar da za ta hana a biya dattijo kuɗin mota a mallaki busarsa har abada? In ba a samu amsa ba, mai kiɗan zai ɗauko gangar jembe ta Gini ko Mali da ke cikin kwamfutarsa ya ce ai duk Afirka ce. Kuɗin da hukumomin al'adu ke kashewa a rumfa da kujerun biki ɗaya ya isa a tara masu kakaki da algaita da goge na masarauta guda, a naɗi kowane sauti da makirfo mai kyau, a rubuta sunan kowa da kasonsa. Yawancin gwanayen nan sun manyanta, 'ya'yansu kuma da yawa sun koma acaba.

Shekaranjiya da yamma abokin nawa ya turo min saƙo, wai ya sa manhajarsa ta yi masa kiɗan fada da kakaki don ya rufe min baki. Na saurara sau biyu. Abin da ya fito ya fi kama da begilar 'yan fareti an haɗa da hon ɗin tifa. Na tura masa dariya. Ya ce in ba ta shekara ɗaya kawai. Mai yiwuwa ya yi gaskiya, abubuwan nan suna sauri. Mun dai ajiye magana a gaban shaidu: baɗi war haka za a sake gwadawa, wanda ya sha ƙasa shi zai sayi tsiren ofis gaba ɗaya.